Gudu, tserewa, hijira ko japa: me za a kira wanda aka wayi gari babu shi?

Kwanakin baya a majalisarmu wani yaro ya ce yayansa ya yi japa, wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ɗago kai ya ce mene ne kuma japa, aka ce masa ai barin ƙasar ya yi bai gaya wa kowa ba sai da ya sauka can sannan ya bugo waya. Dattijon ya ce to ku ce ya gudu mana. Nan fa gardama ta kaure, yaron ya ce Baba ai ba sata ya yi ba da za a ce ya gudu, wani ya ce ci rani ne kawai na zamani, wani ma cewa ya yi hijira ce tunda ƙasar ta yi zafi. Har aka kira magariba ba a daidaita ba.

Abin ya tsaya min a rai, saboda kullum ka buɗe rediyo ko ka hau Facebook kalmomin nan ne ke yawo. Fursunoni sun tsere daga gidan yarin Kuje a watan Yulin 2022, Bashar al-Assad ya tsere daga Siriya zuwa Rasha a Disambar 2024, mutanen wani ƙauye a Zamfara sun tsere cikin dare. Kalma ɗaya an yafa ta a kan ɗan fursuna da shugaban ƙasa da tsohuwar da ta goyo jikanta ba ko takalmi. Shin da gaske abu ɗaya suka yi? In ba ɗaya ba ne, a ina bambancin yake, kuma me ya sa mutum zai yarda a ce ya yi hijira amma ka ce masa ya arce sai ku ɓata?

Tushen maganar: sallama da rakiya

Ba za ka gane nauyin waɗannan kalmomi ba sai ka tuna yadda Bahaushe yake barin wuri in lafiya lau ake. Baƙo ba ya tashi kawai ya kama hanya. Sai ya ce zan koma, a ce tun yanzu, a ɗan ja shi da hira, sannan mai gida ya saka takalmi ya taka masa har bakin zaure ko bakin titi, a ce ka gaida gida, ka gaida su wane da wane. In tafiya mai nisa ce kuwa gida-gida ake bi ana bankwana ana neman gafara, a biya bashin da za a iya biya, wanda ba a iya ba a faɗa wa mai shi, tsofaffi su sa albarka. Dubi yadda maniyyaci yake yi kafin ya shiga sansanin alhazai.

To duk kalmomin da muke magana a kansu an gina su ne a kan rashin wannan. Mutum ya tafi ba sallama, ba rakiya, ba a yafi juna ba. Shi ya sa tambayar farko da ke zuwa ran mutane ita ce me ya kore shi, ta biyu kuma me ya ɗauka.

Sulalewa daban, arcewa daban

Gudu ita ce uwa, kuma ita kanta ba ta da laifi, ɗan tsere ma gudu yake yi. Amma da zarar an ce "wane ya gudu" ba a ƙara komai ba, to an riga an shafa masa wani abu, ko tsoro ko rashin gaskiya.

Akwai jerin kalmomin da ke nuna a hankali aka yi abin, ba hayaniya. Ya sulale, ya zame jikinsa, ya saci jiki, ya faki idon mutane ya fita. Waɗannan ba su cika zafi ba. Kana wajen ɗaurin aure an fara rabon abinci kai kuma kana da uzuri, sai ka sulale don kar a tsare ka, babu wanda zai zage ka. Sulalewa kamar ta maciji ce a cikin ciyawa, motsi kaɗan, kafin a ankara wurin ya zama wayam. Zillewa kuma ta wanda ake nema ne yana kaucewa, kamar mai bashi da ya hango mai kuɗi daga nesa ya canza lungu.

Sai kuma masu sauri da ƙura. Ya arce, ya sheƙa, ya ranta a na kare, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya cika wandonsa da iska, in mace ce a ce bujenta. Duk waɗannan akwai dariya a cikinsu, ana faɗinsu ne a kan ɓarawon da aka yi wa ihu ko mai cika baki da ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa raina yake sosuwa in na ga wani ya rubuta wai mutanen gari kaza sun ranta a na kare da 'yan bindiga suka shigo. Haba jama'a, wannan ba wajen salon magana ba ne, mutane ne suka bar gawarwakin 'yan uwansu ba su binne ba.

Samari kuma suna da nasu, fece da ware. "Mu ware", "gayen ya fece". Waɗannan sun yi sauƙi har ana faɗinsu ko tashi daga teburin mai shayi za a yi.

Akwai na ɓacewa gaba ɗaya, ya yi layar zana, ya yi ɓatan dabo, an neme shi sama ko ƙasa an rasa. Layar zana asalinta laya ce da aka yi imani in mutum ya riƙe ta ido ba ya ganinsa, yanzu kuma ta zama sunan abin da uwar adashi ke yi ranar kwasar wani, ko masu kamfanin zuba kuɗi a intanet ranar da shafin ya ƙi buɗewa, irin yadda aka gani da MMM a ƙarshen 2016.

Tserewa ita ce ta fi rikitarwa kuma ita 'yan jarida suka fi so. Ba a tserewa sai daga wani abu da ya riƙe ka ko ya biyo ka, sarƙa ko gidan yari ko wuta ko maƙiyi. Tana kusa da tsira da kuɓuta amma ba ɗaya ba ne, za ka iya tserewa ba ka tsira ba. Abin da ke yanke mata hukunci shi ne ɗan abin da ya biyo bayanta. Ya tsere da ransa, ya tsere da kuɗin marayu. Ka ga ƙafa iri ɗaya, dare iri ɗaya, amma na farko sai ka ce Allah sarki, na biyu ka ce Allah ya isa.

Me ya sa kowa ke son a kira tasa hijira

Hijira ita ce kalmar da ta fi kowace daraja a bakinmu, dalili kuwa a fili yake. Manzon Allah (SAW) da kansa cikin dare ya bar Makka a shekarar 622, a ɓoye, Sayyidina Ali ya kwanta a shimfiɗarsa, shi da Sayyidina Abubakar suka kwana uku a kogon Saur kafin su kama hanyar Madina. Saboda haka fita a asirce ba abin kunya ba ne a kan kansa, babu Musulmin da zai ce haka.

Amma akwai wani ɓangare na labarin da masu ara kalmar ba su cika ambata ba. Ali bai tsaya don shimfiɗa kaɗai ba, an bar shi ne ya mayar wa mutanen Makka kayan ajiyar da suka ba Annabi amana, su ɗin da ke neman ransa. Ni a ganina ma'aunin ke nan. Mai hijira yana gudun zalunci ne ko fitina, kuma ba ya tafiya da haƙƙin kowa a aljihunsa. Wanda ya kwashe kuɗin fansho ko na adashi ya tsallaka iyaka, ko sau nawa ya ce hijira ya yi, tserewa ya yi.

A ƙasar Hausa ma kalmar tana da tarihi mai kauri. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 lokacin da zama da Sarkin Gobir Yunfa ya gagara. Bayan jihadi ya yi ƙarfi su kuma sarakunan Haɓe suka bar garuruwansu, na Zazzau suka yi kudu har zuriyarsu ta kafa Abuja ta asali wadda yanzu ake kira Suleja, na Katsina suka yi arewa suka kafu a Maraɗi. In ka ji labarin daga bakin wanda ya ci yaƙi zai ce maka sun gudu, in ka je Maraɗi ko Suleja ba haka za a ba ka shi ba.

Shekarar 1903 ta fi nuna abin ƙarara. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har Sudan, garin da suka zauna a bakin kogin Nilu har gobe da sunansa ake kiransa. Wannan kowa hijira yake ce mata. Amma Sarkin Kano Alu, wanda Kano ta faɗa hannun Turawa yana hanyar dawowa daga Sakkwato, shi cikin dare ya rabu da rundunarsa, gari ya waye babu shi, Waziri Ahmadu ya ja wasu suka gwabza da Turawa a Kwatarkwashi ya rasu a can, Wambai Abbas ya koma da saura Kano aka naɗa shi sarki. An kama Alu daga baya aka kai shi Yola sannan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Har yau in aka tayar da zancen za ka ji masu cewa niyyar hijira gabas ya yi kamar Attahiru, ka ji masu cewa a'a guduwa ya yi. Abin da ya raba su biyun a idon mutane ba wai tsoro ko jarumta kaɗai ba ne, ɗaya ya tafi da jama'arsa a bayansa, ɗaya ya tafi ya bar su suna barci.

In mutum ya tsere, wa ke biya

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar talaka kuma ba a cika kula da shi ba. Duk wanda ya tsere daga wani alƙawari akwai wanda ya bari riƙe da igiyar.

Ku tuna shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho na tarayya da aka tuhuma kan kuɗin fansho. An ba da belinsa, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa, da Maina ya daina zuwa kotu sai alƙali ya sa aka kai Ndume gidan yarin Kuje a Nuwambar 2020, ya kwana a can wasu 'yan kwanaki kafin a sake shi, shi kuma Maina aka kamo shi a Nijar aka dawo da shi. To wannan sanata ne mai lauyoyi. Kai da ka sa hannu ka tsaya wa ɗan unguwarku a ofishin 'yan sanda ko a kotu saboda kunyar mahaifinsa, ko ka ajiye takardar gidanka, ranar da ya yi layar zana kai za a nema. Tsayawa wani ba sa hannu ba ne kawai, ɗaukar nauyin kawo shi ne duk ranar da aka buƙace shi.

Na ga irin wannan da idona a gidan hayar da na taɓa zama. Wani maƙwabcinmu mai mata da yara uku, kuɗin haya ya taru masa, ga bashin mai shago ga na mai ruwa. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare na ji motsi a tsakar gida, na ɗaga labule na ga ana fitar da katifa ana ɗorawa a kan kura, matar tana riƙe da bakin ƙaramin yaron don kar ya yi kuka, ko fitila ba su kunna ba. Da safe ɗakin a buɗe, sai tsohuwar tabarma da buta da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Mai shago ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ya daɗe bai ce komai ba, shi ma jarinsa bai taka kara ya karya ba. Wallahi har yau in na tuna tausayin su biyun nake ji, wanda ya tafi kunya ce ta kore shi ba mugunta ba, amma wanda aka bari shi ma da iyali. Kuma wanda ya kawo shi gidan ya gabatar da shi ga mai gida, shi aka riƙa yi wa sintiri wata da watanni.

'Yan uwanmu da ke aikatau a Saudiyya su kuma suna da wata kalmar Larabci da suke tsoro, hurub. In ma'aikaci ya bar gidan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama, ba izini, kafilin ya kai rahoto, shi ke nan zamansa ya zama ba bisa ƙa'ida ba, ana iya kama shi a tsare a maido shi gida. Matsalar ita ce takardar ba ta tambayar dalili, yarinyar da ta fita saboda duka ko hana albashi da wanda ya fita don ya sami inda ya fi tsoka duk suna ɗaya ake rubuta musu.

Ɗan gudun hijira iri biyu ne

Mu a Hausa duk wanda rikici ya raba da gidansa ɗan gudun hijira muke ce masa, amma a dokar duniya kashi biyu ne kuma bambancin yana da tasiri a rayuwarsu. Wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, kamar mutanen Borno da ke sansanin Minawao a Kamaru ko a jihar Diffa, ko mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka kwarara jihar Maraɗi tun daga 2019, shi yana ƙarƙashin yarjejeniyar Geneva ta 1951, wadda babban sharaɗinta shi ne ba a tilasta masa komawa inda ransa ke cikin haɗari. Wanda kuwa ya bar ƙauyensa ya koma Gusau ko Maiduguri ko Anka bai fita ƙasarsa ba, nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa, kuma yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta ƙasashen Afirka ce ta yi magana a kansa.

Da yawa daga mutanen arewa maso yamma ma ba su cikin kowane sansani. Suna kangon gini, suna tasha, suna raɓe a gidan dangi. Su ba su cewa mun yi hijira, abin da za ka ji a bakinsu shi ne "garinmu ya tashi" ko "an tashe mu". Ka lura da wannan lafazin, ba su suka tashi ba, tashin su aka yi. Garin da ya tashi kuma sunansa kufai, gonar da ke kewaye da shi ta koma daji, kuma wannan na cikin abin da ya sa kwanon masara da gero ya yi tsada a kasuwar birni.

Yaji da shiga duniya

A cikin gida ma akwai namu. Mace in ta yi yaji ba guduwa ta yi ba, kowa ya san inda ta nufa, gidan iyayenta ko na waliyyinta, kuma al'ada ta tanadi hanyar dawowa wato biko. Yaji magana ce da ake yi da ƙafa in baki ya gaza. Mijin da ke yawo yana cewa matarsa ta gudu alhali yaji ta yi, sau da yawa so yake ya kauce wa zaman da za a yi a tambaye shi me ya yi mata.

Shiga duniya kuwa ita ce mai ban tsoro, yaro ko yarinya su fita ba a san inda suka dosa ba, babu gidan da za a je biko. Auren dole yana jawo ta, azabar kishiyar uwa tana jawo ta, haka dukan da ya wuce kima a wasu makarantun allo. Mun iya cewa yarinya ta shiga duniya kamar ita kaɗai ta yanke shawarar, ba mu cika tambayar wa ya buɗe mata ƙofa ba.

To japa fa?

Japa kalmar Yarabanci ce mai nufin a tsere a bar wuri, matasan kudu suka mayar da ita sunan ficewa Ingila ko Kanada ko Amurka, ta yi ƙarfi har ta shigo bakin namu yaran. Ɓoyewar da ke cikinta ba ta laifi ba ce galibi, mutum yana tsoron baki da hassada, ko kar biza ta ƙi fitowa a yi masa dariya, sai ya yi shiru har ya sauka. Masu goyon baya suna cewa wanda ya yi karatu ya rasa aiki, ko likitan da ke aiki ba kayan aiki ba tsaro, ba a ce masa ya zauna. Masu suka kuma suna nuna asibitin da aka bari da likita ɗaya a kan layin marasa lafiya tun asuba, alhali da kuɗin jama'a aka koyar da wanda ya tafi. Duka biyun suna da gaskiya, ni dai inda na tsaya shi ne a tafi amma a ajiye aiki yadda ya kamata, a miƙa abin da ke hannu, a gaya wa iyaye, kar marar lafiya ya zo ranar da aka ba shi ya tarar da kujera. Ƙofar ma ba kamar da take ba, tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai 'yan ƙasar waje zuwa da iyalansu.

Wanda ya ce japa ci rani ce ta zamani bai faɗi daidai ba. Ɗan ci rani da sallama yake tafiya bayan an kai amfanin gona gida, ya yi Legas ko Fatakwal ko Kumasi, kuma kowa ya san da hadarin farko zai dawo ya ɗauki fartanya. Ci rani tana da ranar dawowa. Japa ba ta da ita.

Kuma mu tamu japar ba ta jirgin sama ba ce mafi yawa, ta Agadas ce, a bayan Hilux, zuwa Libiya ko Aljeriya. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara ne daga yankin Kance a jihar Damagaram. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwambar 2023, motoci suka koma fita a fili. Har yanzu akwai gidaje a Kano da Katsina da Damagaram da yaro ya ce wa uwarsa zai je kasuwa ya dawo, sai bayan sati biyu a ga lambar waje tana kira, wani lokaci muryarsa ce yana cewa ya isa lafiya, wani lokaci kuma muryar wani ce yana faɗin adadin kuɗin da za a tura kafin a sake shi.